Randar Inna: Tarihin Ginin Tukwane da Yadda Muka Raina Shi

 Yau ba labarin soyayya na zo muku da shi kamar yadda na saba ba. Wani abu ne ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya, na ga gara in amayar da shi ko na samu sauƙi, wataƙila kuma Allah Ya sa wata ta tsira daga irin wautar da na tafka.

An kai ni ɗakin mijina a Gusau cikin shekarar 2009. Washegari ranar buɗar kai ɗaki ya cika maƙil da ƙawaye, ana ta kallon jere ana yabawa. Ga gado da katifa, ga kabad cike da tangaran, ga kuloli manya da ƙanana, ga ɗan firij da kawuna ya saya mini. Can a kusurwar falo kuwa sai ga wata randa ja jawur zaune a kan gammo, an rufe ta da sabon faifai, gefenta ga tulu da kaskon turare. Kakata ce wadda ta haifi mahaifiyata, muna ce mata Inna, ta ɗauko su a motar kasuwa tun daga Gidan Goga ta ƙasar Maradun, naɗe cikin buhu da ciyawa, ta riƙe su a jikinta duk tsawon hanya don kada gargada ta fasa su. Da hannunta ta gina su.

Wata ƙawata ta dubi randar ta ƙyalƙyale da dariya ta ce, "Amarya, wannan kuma fa? Gidan tarihi za ki buɗe mana?" Ɗaki ya ɗauki shewa. Wallahi ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige. Kafin la'asar na sa yara sun kinkime ta sun kai sito bayan kicin. Ashe Inna na zaune a tsakar gida tana kallo. Da za ta tafi ta leƙo ɗakin, ta kira ni da sunan wasan da ta saba, ta ce, "Kishiya, ba komi. Aje ta inda kinka so. Ita randa ba ta fushi, ranad da kinka bukace ta kina iske ta."

Na yi dariya kawai. Shekara goma randar nan ta yi a sito ina tura tsummoki a cikinta. Inna ta rasu a 2016 ba ta taɓa shan ruwan randarta a gidana ba. Sai azumin 2019, wanda ya faɗo cikin watan Mayu, ana tsananin zafin bazara, wuta ta ɗauke mana kwana da kwanaki, firij ya koma kabad, ƙanƙara ta yi tsada har ana layi a kanta. Maigida ya dawo gab da magariba a galabaice ya ce, "Wai ina randar nan ta Inna?" Na fiddo ta na wanke, na cika ta da dare. Ruwan da muka yi buɗa-baki da shi washegari, sanyinsa da ƙamshin ƙasarsa, sai da na shiga ɗaki na yi kuka. Tun daga ranar na shiga tambaya da karance-karance a kan wannan sana'a, ƙanena da ya karanta tarihi a jami'a yana taimaka mini. Abin da na samo shi ne zan ba ku.

Bari in fara da abin da idona ya gani, don gani ya kori ji. Muna yara duk hutun makaranta a Gidan Goga muke yin sa. Ginin tukwane aikin rani ne, sai an kawar da amfanin gona ake fara shi, saboda yumɓu yana son rana, damina kuwa ba ta barin tukunya ta bushe. Da sassafe Inna da maƙwabtanta za su ɗauki fartanya da ƙwarya su nufi fadama, kuma ba kowace laka suke ɗiba ba. Sai ta murza a yatsa, ta yi ɗan zare da ita ta lanƙwasa, in ya karye ta wuce gaba. In an kawo gida a shanya, a daka, a tsince tsakuwa, a jiƙa ya kwana. Daga nan sai ta kawo tsingaron tsofaffin tukwane da aka daka ya yi gari ta zuba, ta ƙara ƙaiƙayin gero ko busasshen kashin jaki, ta hau kai da ƙafa tana tattakawa har ya haɗe. Na taɓa tambayarta dalilin zuba tsingaro, ta ce, "Yumɓu shi kaɗai gardama garai, wuta na taɓa shi shina hwashewa. Sai an gama shi da tsohuwa wadda ta san wuta."

Ba ta da injin juyawa irin na Turawa. Tsohuwar tukunya take kifewa a ƙasa, ta barbaɗa mata toka, ta ɗora faifan yumɓu a gindinta tana bubbugawa har ya rufe rabinta. In ya ɗan sha iska sai ta zare shi ta juyo da shi sama, ta riƙa mulmula yumɓu kamar igiya tana ɗorawa zagaye bayan zagaye, dutse mai santsi a hannun hagu daga ciki, ɗan katako mai faɗi a hannun dama daga waje. Ita ce ke zagaya tukunyar a sunkuye, tukunyar na zaune wuri ɗaya. Baki kuwa da jiƙaƙƙen tsumma take fitar da shi, ya fito daidai kamar an auna. Sai ado: ta mirgina murɗaɗɗiyar igiya ko totuwar masara a kafaɗar randa, ta shafe ta da jar ƙasa, ta goge da ƙwallayen kuka da aka shirya a zare har ta riƙa ɗaukar ido.

Ranar gashi ita ce ranar fargaba. A bayan gari ake yi da yamma in iska ta kwanta. A jera tukwane a kife, a lulluɓe su da kara da itace da busasshen kashin shanu, a yi bisimilla a sa wuta. Kowace maginiya tana tsaye tana kasa kunne, don in aka ji "fus" a cikin wuta to aikin wata na mako biyu ya tafi. Da safe a tone toka, a riƙa ƙwanƙwasa kowace da yatsa. Wadda ta yi ƙara garau ta gasu, wadda ta yi "ɗif" tana da tsaga. Masana sun ce zafin irin wannan wuta yakan kai digiri 600 zuwa 800 ko fiye kaɗan, kuma a nan asirin yake. Wutar ba ta kai ta toshe ƙananan ƙofofin da ke jikin yumɓu ba, shi ya sa randa take yin gumi. Ruwa na tsattsafowa kaɗan-kaɗan, iska na busar da shi, bushewar nan kuwa tana tafiya da zafin da ke ciki, kamar dai yadda jikinki yake yin sanyi in kin yi gumi iska ta buge ki. Wannan sakin jikin ne kuma ya sa tukunyar ƙasa take jure harshen wuta a kan murhu, alhali farantin tangaran in kika ɗora shi tarwatsewa zai yi.

To tun yaushe mata suke wannan aiki? Amsar ta girgiza ni. Duk wadda ta taɓa bi ta kufai ta san abin da ake fara takawa: tsingaro. Katanga takan rushe, zane ya ruɓe, ƙwarya gara ta cinye, ƙarfe ya yi tsatsa, amma yumɓun da ya sha wuta yana nan. Ƙasarmu ta Zamfara cike take da kufai, tun daga Birnin Zamfara wanda Gobirawa suka ci a ƙarni na 18, har Alƙalawa da suka gina, wadda ita ma ta faɗi a hannun masu jihadi a 1808. Littattafai sun riƙe sunayen sarakuna da mayaƙa, ba su riƙe sunan mace ko ɗaya da ta gina tukunyar da aka dafa wa mayaƙan tuwo ba. Amma in masu binciken tarihi suka je tono, aikin matan nan suke tararwa, da shi suke gane shekarun gari, da abin da mutanensa suka ci, da waɗanda suka yi ciniki da su.

A wani wuri da ake kira Unjugu a ƙasar Dogon ta Mali, an tono gutsattsarin tukwane da aka auna shekarunsu suka haura 11,000. Suna cikin mafi daɗewa da aka sani a Afirka duka, sun girmi dalar Masar nesa ba kusa ba. A nan gida kuma, a 1928 masu haƙar kuza suka ci karo da wani ɗan mutum-mutumin yumɓu kusa da ƙauyen Nok a kudancin Kaduna. Wani Bature mai suna Bernard Fagg ya bi diddigin abin a shekarun 1940, shi ne kuma ya kafa gidan tarihi na Jos a 1952. An gano cewa mutanen Nok suna gina irin waɗannan siffofi tun shekara 2,500 da suka wuce ko fiye. Abin da ya fi burge ni a matsayina na mai shiga kicin shi ne binciken da masana daga jami'o'in Biristol ta Ingila da Farankfot ta Jamus suka fitar a 2021. Sun gwada maiƙon da ya shige jikin tsingaron Nok, suka tarar da kakin zuma, wanda ya nuna ana zuba zuma a tukwanen nan tun kimanin shekara 3,500. Ki duba fa, tukunya ta riƙe sirrin abin da aka zuba mata duk tsawon wannan zamani.

Mu ma Zamfara muna da namu. A yankin Kwatarkwashi ta ƙasar Bunguɗu an samu tsofaffin siffofin yumɓu a ƙarƙashin ƙasa. Cikin shekarun 1990 masu haƙa suka dira, aka yi ta tonowa ana sayar wa dillalai, kayan suka ƙare a shagunan Turai. Abin ya yi ƙamari har a shekarar 2000 ƙungiyar gidajen tarihi ta duniya, ICOM, ta saka kayan yumɓun Nok da na yankunan Sakkwato da Katsina cikin jerin waɗanda ta gargaɗi duniya kada a saya. Ba cewa nake mu koma ga gumaka ba, Allah Ya tsare mu, mutanen da suka yi su sun rayu tun kafin Musulunci ya iso. Abin da nake so mu lura shi ne, abin da muke wa kallon tarkacen ƙasa, wasu jirgi suke hawa su zo nemansa.

Bayan zuwan Musulunci ma sana'ar ba ta ja baya ba, sai ma ta samu sabon aiki, don da shantalin ƙasa iyayenmu suka yi alwala. A 1929 wani Bature mai suna Nicholson ya rubuta bayani a kan maginan birnin Sakkwato, ya ambaci Adarawa, wato mutanen da asalinsu ƙasar Adar ce ta Nijar. A wasu garuruwa kamar Kano maza ma suna ginin, amma a ƙauyuka da dama aikin mata ne, uwa ta koya wa 'ya.

Ki tsaya ki lissafa yadda yumɓu yake raka Bahaushe. Ranar da aka haife ki, a babbar tukunya aka dafa wa mahaifiyarki ruwan wankan jego. A kwatarniya aka yi miki wanka. Da kika tasa aka saya miki asusu kina jefa kwabbai. Tulu kika ɗauka zuwa rijiya, a randa aka juye. A tanda aka soya wainar bikinki, a madambaci aka turara dambu, a kasko aka zuba garwashin turaren da ya ƙamsasa ɗakinki. A garuruwa da yawa, ranar da aka kai mutum makwancinsa, da tukwanen ƙasa ake rufe ramin kafin a mayar da ƙasa. Mu kanmu Alƙur'ani mai girma, a cikin Suratur Rahman, ya kwatanta ƙasar da aka halicci ɗan Adam da ita da busasshen yumɓun magina. To mene ne abin ƙyama a nan?

Yaya aka yi ta faɗi? A da jeren amarya ƙore ne da faya-fayai da tukwane a ɗore kan juna, mai hali ta ƙara da tasoshin tagulla. Da Turawa suka shimfiɗa hanyar jirgin ƙasa daga Zariya ta bi ta Gusau ta kai Ƙauran Namoda a 1929, sai kantunan kamfanoni suka buɗe. Jirgi ya tafi da gyaɗa da auduga, ya dawo da atamfa da kwanuka masu fenti. Kwano ba ya fashewa, ba shi da nauyi, ga furanni a jikinsa. Sannu a hankali langa da kwalla da samira suka hau bango, tukunya ta sauko ƙasa. Shekarun 1970 da kuɗin mai suka shigo, a daidai lokacin da ake gina madatsar ruwa ta Bakolori wadda aka kammala a 1978, kuɗi suka zagaya ƙasar Mafara da Bakura da Maradun, gasar kayan ɗaki ta tashi haiƙan. Bayan kwano sai tangaran, sai kula, sai roba. Jarka ta kori tulu, butar roba ta kori shantali, daga shekarun 1990 kuma ruwan leda ya zo ya ce randa ma ta matsa.

Gaskiya ɗaya ce, wasu sauye-sauyen sauƙi ne. Yarinyar da ta taɓa faɗuwa da tulu a hanyar rijiya ta sha duka ba za ta zagi jarka ba. Ni ma ba zan ce ki dafa shinkafar baƙi a tukunyar ƙasa kan gas ba. Amma akwai inda har gobe ba a samu wanda ya kai yumɓu ba, a nan ma muka yar da shi, kuma kunya ce kawai ta sa. Mun mayar da shi alamar talauci da ƙauyanci. 'Ya'yan magina suka riƙa ɓoye sana'ar iyayensu a makaranta. Mahaifiyata ta iya gini tana yarinya, da ta yi aure a birni ba ta sake taɓa yumɓu ba, mu kuma ko sha'awa ba mu yi ba.

Yanzu ki buɗe jakarki ki duba ko akwai naira ashirin. A gaba ga Janar Murtala Muhammad. Ki juya baya. Matar nan da kike gani tana aikin tukunya ita ce Ladi Kwali, tun 2007 hotonta yake kan wannan kuɗi. An haife ta wajen 1925 a ƙauyen Kwali ta ƙasar Gwari, ba ta yi boko ba, a wurin 'yar uwar iyayenta ta koyi gini, irin ginin hannu na ɗora igiya kan igiya. Randunanta sun yi kyau har Sarkin Abuja Sulaimanu Barau yana ajiye su a fadarsa. Abujan da ake nufi ita ce Suleja ta yau, kafin a ɗauki sunan a ba babban birnin tarayya. A fadar ne wani Bature maginin tukwane, Michael Cardew, ya ga aikinta. Da ya buɗe makarantar koyon ginin tukwane a garin, Ladi ta shiga a 1954, ita ce mace ta farko a wurin. Ta koyi aiki da injin juyawa da gashin wuta mai tsanani, amma ba ta bar ginin hannun da ta gada ba, ba ta bar zanen ƙadangare da kunama da kifi da tsuntsaye da take yi a jikin randa ba. Aka nuna kayanta a Landan, ta zagaya Turai da Amurka tana gini a gaban jama'a suna kallo baki buɗe. Sarauniyar Ingila ta ba ta lambar girma ta MBE, Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba ta digirin girmamawa na dakta a 1977. Ta rasu a Minna a 1984. Sau nawa na miƙa wa mai kayan miya wannan kuɗi, alhali randar Inna na sito cike da tsummoki?

Akwai kuma wani malami a Jigawa, Muhammad Bah Abba, wanda ya fito daga gidan magina. A shekarun 1990 ya lura da yadda kayan lambu ke ruɓewa a hannun manoma don rashin wuta, sai ya ɗauki ƙaramar tukunya ya saka cikin babba, ya cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, ya rufe da jiƙaƙƙen tsumma. Gumin nan dai na randa shi ne ya yi aikin. Yalon da yake lalacewa cikin kwana 3 ya riƙa kaiwa kwana 27, tumatir da tattasai su yi mako uku. A shekarar 2000 kamfanin Rolex ya ba shi kyautar dala 75,000 a kan wannan dabara, ta bazu har Sudan da wasu ƙasashe. Ilmin da ya yi amfani da shi, Inna ta san shi tun ba a haife shi ba, bambancin kawai shi bai ji kunyarsa ba.

Kada ki ɗauka mu kaɗai wannan jarrabawa ta samu. Can ƙetaren teku, tsakanin Amurka ta Arewa da ta Kudu, akwai wata 'yar ƙasa da ake kira Kosta Rika. A yankinta na Nikoya akwai wata al'umma, Corotega, waɗanda kakanninsu suka gangaro daga wajen Meziko kimanin shekara 1,200 da suka wuce. Turawan Sifen suka iso musu a farkon shekarun 1520, yaƙi da bauta da cututtuka suka cinye yawancinsu, har harshensu ya mutu, yau ba mai magana da shi. Amma ginin tukwane bai mutu ba, don mata sun riƙe shi a ƙauyuka biyu, Gwaitil da San Bisente. Suna gina tulunan ruwa da wani faffaɗan kasko na gasa gurasar masara, kusan aikin tandarmu. Da hannu suke gini, su haɗa yumɓu da yashi mai laushi, su shafa launin ja da fari da baƙi da suke samowa daga ƙasar tsaunukansu, su goge da dutse mai santsi, su gasa da itace a tanderu. Da na ji bayanin sai na ga kamar tsakar gidan Inna ake ba ni labari.

Su ma roba da tukunyar ƙarfe sun kai musu farmaki, ciniki ya faɗi. Abin da suka yi shi ne suka haɗa kai ƙungiya-ƙungiya, suka koma ga zane-zanen kakanninsu da ake tonowa a ƙasa suka farfaɗo da su, suka riƙa sayar wa baƙi masu yawon buɗe ido, maza ma suka shigo sana'ar. A 2007 aka buɗe gidan tarihin tukwanensu a San Bisente, daga baya hukuma ta yi wa sunan rajista, ta yadda ba mai kiran kayansa na Corotega sai wanda ya gina a yankin da ƙasar yankin. Sun sha wahalar samun yumɓu saboda wuraren haƙarsa sun faɗa cikin gonakin masu kuɗi, amma ba su saki ba. Mutanen da suka rasa harshensu suka riƙe tukunyarsu. Mu da muke da harshenmu da garuruwanmu da tsofaffinmu a raye, mene ne hujjarmu?

Na san za a ce mini halin da Zamfara take ciki ya wuce maganar tukunya, kuma gaskiya ne. Sama da shekara goma ke nan 'yan bindiga sun hana ƙauyukanmu sakat, ƙasar Maradun na cikin waɗanda suka fi ɗanɗanawa. Fadamar da ake ɗibar yumɓu da dajin da ake samo itacen gashi, nan ne inda mace take tsoron zuwa. Tsofaffi da yawa sun baro gidajensu suna zaune a Mafara da Gusau da Ƙaura a ɗakunan aro. Amma wannan shi ne ma ya sa maganar ta zama ta gaggawa. Ilmin nan ba a rubuce yake ba, a tafin hannu yake. Ranar da aka binne tsohuwar da ta iya, in ba ta koya wa kowa ba, an binne shi tare da ita.

Ni na ga haka a gidana. Shekara biyu bayan azumin nan, ɗana na wasan ƙwallo a tsakar gida ya buga wa randar Inna, ta tsage daga baki har gindi. Na bi dangi kaf, 'ya'yanta da jikokinta mun haura arba'in, babu ko ɗaya da zai iya gina irinta. Na shirya takanas ranar Talata na tafi kasuwar Talata Mafara, na nemi wajen masu tukwane. Na tarar da wata dattijuwa zaune cikin kayanta, na zaɓi randa na tambayi kuɗi. Da ta faɗa, sai bakina ya kama hanyar da ya saba, na ce, "Haba Inna, a rage mana, ƙasa ce fa." Ta ɗago ta dube ni ta ce, "Awo ɗiyata, ƙasa ta. Ga ta nan ƙarƙashin ƙahwakki, ɗebi ki gina." Kunya ta rufe ni. Ni da nake biyan kuɗin leshi ba tayi, ga ni ina ja-in-ja da tsohuwa kan aikin mako biyu. Na biya yadda ta ce, na ƙara da tulu.

Don haka 'yan uwa ga roƙona, kuma ba mai nauyi ba ne. Uwar da take haɗa wa 'yarta kayan ɗaki, ta saka randa da kaskon turare a lissafi, a ajiye su inda ido zai gani. In kin je saye kada ki karya wa maginiya farashi. Ki kula da randarki: sabuwa a cika ta a zubar sau biyu ko uku kafin a fara sha, a turara ta, mai so ta jefa saiwar jema don ƙamshi, a ɗora ta a inuwa inda iska ke bi. A riƙa wanke cikinta akai-akai, a rufe da faifai, a ware mata moɗa guda mai mariƙi, kada yara su riƙa tsoma hannu. Ki tuna randa sanyaya ruwa take yi, ba ta kashe ƙwayoyin cuta, ruwan da ba ki yarda da shi ba ki tafasa shi tukuna ya huce sannan ki zuba. In kuma akwai tsohuwa a danginku ko unguwarku da ta iya gini, ku je ku zauna da ita, ku tura yara su koya, ku rubuta sunayen kayan aikinta da yadda take yi. Ƙungiyoyin mata da suke koyar da ɗinki da sabulu da man shafawa, me zai hana su ɗauki irin waɗannan tsofaffi su zama malamai, a biya su? Hausawa sun ce da tsohuwar zuma ake magani.

Randar Inna ban yar da ita ba. Tana nan a kusurwar falo inda ta fara ajiye ta, da tsagarta, na ɗaure ta da waya. A kafaɗarta ta ciki akwai sawun yatsunta guda uku da suka nutse a yumɓu tun yana ɗanye. Baƙi sukan tambaya, ni kuma in ba su labari, har ƙawar tawa da ta yi dariya ta zo ta gani, yanzu ita ma da randa a gidanta. Sauran gutsuren da ya ɓalle daga bakin na kai wa dattijuwar Mafara, na roƙe ta ta daka ta zuba cikin yumɓun randar da za ta gina wa 'yata.

Allah Ya jiƙan Inna da dukkan iyayenmu da suka rigaye mu, Ya sa Aljanna ce makomarsu. Allah Ya kawo mana zaman lafiya a Zamfara da ƙasa baki ɗaya, Ya mayar da kowa gidansa, Ya raba mu da raina abin da ya raine mu. Kuskuren da ke ciki nawa ne, ku yafe ni. Sai mun haɗu a rubutu na gaba in Allah Ya kai mu.